Tarwaɗar da Ke Cikin Ƙyauren Ɗakina

Jama'a, yau ku bar ni in amayar da abin da ke cina, mai dariya ya yi dariyarsa. Ni Tomoe, shekarata ashirin da tara, da hankalina da komai, kishi nake yi da tarwaɗa. Tarwaɗar ma ta takarda.

Waɗanda suka shigo yanzu, ga gidanmu a taƙaice. Gidan wanka muke da shi a unguwar Ikuno, nan Osaka, kakana ya gina shi kafin ya rasu ya bar mana. Ƙasa wurin wanka ne, maza dama mata hagu, mu kuma muna kwana a sama. Ni ke zama a kanta daga ƙarfe uku, ina miƙa sabulu da tawul da madarar kwalba mai sanyi. Baba yana can baya ta lungu, yana cusa katako a wuta don ruwa ya yi zafi, bayansa kuwa ya fara ƙi. Ni kaɗai suka haifa. Shi ya sa Mama ba ta da zance sai na miji, kuma ba kowane miji ba, wanda zai shigo gidanmu ya ɗauki sunanmu ya karɓi Baba a bakin wuta.

To, an samu. Shuntaro Kuroiwa, dogo mai tabarau, yana aiki a wata maɗaba'ar kalanda kusa da tasha, kullum da baƙin tawada a gefen farcensa. Ranar da ya fara zuwa ba wanka ya kawo shi ba. Kaka, matar marigayin kakana, ya nema, ya rusuna kamar zai karye, ya ce shi mai tara tsofaffin fastocin finafinan dodanni ne, irin waɗanda ƙaton jarumi ke kokawa da ƙaton dodo suna rushe gari. Ya ji cewa da can gidajen silima kan kawo fosta a liƙa a gidan wanka, su ba mai gida tikiti kyauta, ko akwai sauran ko ɗaya? Kaka ta ce babu, duk sun tafi. Ya yi godiya ya fita.

Amma washegari ya dawo da tawul a wuya. Jibi ma ya dawo. Ya riƙa tsayawa a kanta yana shan madara a hankali kamar magani, yana tambayata abubuwan da ya san amsarsu. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na dogara da shi duk watannin nan: an ce masa babu fosta, kuma ya ci gaba da zuwa. Na ce a raina, to ni ce. Na so shi, ba zan ɓoye muku ba. Har Mama ta tare shi da zancen ɗaukar sunanmu, ya ce shi ɗa na uku ne a gidansu, ba wanda zai rasa shi.

Sai ranar Lahadin nan da ya fara hawa sama cin abinci.

Na sa rigata ruwan zuma mai ƙananan furanni, na yi gashi a shagon da ke bayan tasha, har ɗan kunnen lu'ulu'un Mama na ara. Muna wucewa ta gaban ɗakina za mu falo, ya ja ya tsaya. Ƙofar ɗakina irin ta da ce, ƙyaure biyu na takarda masu zugewa, kuma kyanwarmu ta yage ƙasan na dama tun bara. Ta cikin yagewar akwai wani abu ja zagaye da nake gani kullum ban taɓa damuwa ba.

Sai kawai na ga mutum ya zube a gwiwa.

"Shun-san, lafiya?"

"Ido ne," ya ce. "Tomoe-san, ido ne."

"Idon wa?"

"Kar ki taɓa! Don Allah kar ki taɓa."

Ni da ƙofar ɗakina, wai kar in taɓa.

A kan tebur, miyar da na yini ina yi ta huce a gabansa yana ba mu labari. Wai fim ne na zamanin su Kaka suna amare, Tarwaɗar Girgizar Ƙasa, ƙatuwar tarwaɗa mai ƙafafu ta fito daga ƙarƙashin gari, wani jarumi mai sulken tagulla, tsayinsa ya fi bene, ya tare ta. Kamfanin ya mutu, fim ɗin ya ƙone, ba wanda ya taɓa riƙe fostar a hannu, sai wani hoto baƙi da fari a tsohuwar mujalla. Ya ce da can masu gyaran ƙofa kan shimfiɗa duk takardar da suka samu a ciki kafin su rufe da mai kyau, shi ya sa ta tsira. Yana magana kunnuwansa sun yi ja. Ni dai ban taɓa sa kunnuwan nan sun yi ja ba.

Mama sai washe baki take tana ƙara masa shinkafa. Da ya tafi na ce mata, "Ko rigata bai gani ba."

"Riga ce za ta hura mana wuta? Ke dai ki gode, ga abin da zai ɗaure shi a gidan nan."

Maganar ta ƙona mini rai, don ni ban so a ɗaure mini shi da komai ba.

Bari in karanto muku saƙonninsa na satin, ku yi mini alƙalanci. Da can saƙonsa na safe shi ne, "Kin tashi lafiya? Yau da sanyi, ki sa gyale." Yanzu kuwa:

"Barka da safiya. Don Allah ki riƙa zuge na hagun kawai."

"Tururin ƙasa yana hawowa sama? Ki ɗan buɗe taga."

"Kyanwar fa? A hana ta hawa."

Na ɗauki hoton kaina da sabon jan baki, ina tsaye a ɗaki, na tura masa. Ya amsa nan take, zuciyata ta yi tsalle. Na buɗe: "Ki ɗan matsa gefe ki sake ɗauka, kin tare wurin."

Na rantse sai da na kifa wayar a kan tabarma na yi ta kallon silin. Daga baya na juya na harari jan idon nan, shi ma yana kallona ta cikin yagewar, ko kunya babu.

Ranar Asabar ya ce zai zo da ƙwararre a duba. Ni da na ji ƙwararre, tsoho na zata, mai furfura da tari. Sai ga farar ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gida, mace ta fito daga wajen tuƙi. Siririya, gashi a yanke gajere, baƙar riga da baƙin wando, ko hoda babu a fuskarta, kuma abin haushin ta yi kyau a hakan. Ni kuwa na sha siket mai ninki da rigar leshi kamar mai zuwa biki.

"Wannan ce Ririko Anzai," in ji shi. "Gyaran tsofaffin takardu take yi. Tun jami'a muke tare a ƙungiyar masu son dodanni."

Ta rusuna, na rusuna. Ta ce, "Na sha jin labarin ƙofarki."

Ƙofata. Ba labarina ba.

Suka hau ɗakina, suka cire ƙyauren dama suka kwantar a kan farin ƙyalle. Ta fito da buroshi da hantsaki da 'yar kwalbar feshi, ta jera su kamar likita. Suka durƙusa kai da kai, har gashinta na taɓa tabaransa. Ni aka bar ni da tiren shayi a bakin ƙofa, ko in ce a bakin inda ƙofa take da.

"Riri-chan, a hankali nan."

"Na sani, sarkin tsoro. Riƙe mini gefen."

Kun ji? Riri-chan. Ni wata nawa muna tare, har an fara zancen ranar da iyayensa za su zo, amma har yau Tomoe-san nake, san ɗin nan na girmama baƙo, kamar wadda ya zo biyan kuɗin wuta wurinta. Ita kuwa Riri-chan, kiran da ake yi wa na jiki, har da sarkin tsoro.

Ta ɗaga takardar sama kaɗan kaɗan, sai ga kan tarwaɗar ya fito, baki wangame, gashin baki kamar igiyar jirgi, ga hannun jarumin ya shaƙe ta. Launin kamar jiya aka buga. Sai na ga ya cire tabarau yana goge ido, ita kuma ta dafa kafaɗarsa ba tare da ta kalle shi ba, irin dafawar da hannu ya saba.

"Ga shayi," na ce.

"Kai, kai, kai! Fita da shi!" Tare suka faɗa, baki ɗaya. "Ruwa kusa da ita?"

Na fita da shi. Na tsaya a matakala na shanye kofi ukun ni kaɗai, da zafinsu, har harshena ya ƙone. Ina jin su suna dariya a ɗakina, suna kiran sunayen masu zane da shekaru, yaren da ban iya ba kuma ba wanda ya ce zai koya mini.

Da za su tafi Ririko-san ta ce aikin ba zai yiwu a nan ba, tururi ya yi yawa, sai an kai ƙyauren shagonta. Mama ta yi murmushin nan nata na kanta, wanda take yi wa mai son shiga wanka bashi.

"Ai kayan gida ba ya fita sai a hannun ɗan gida. In an yi biki, Kuroiwa-san ya kai shi duk inda ya so."

Shun ya rusuna ya ce, "Haka ne. To ko za a matso da ranar?"

Jama'a, wata biyu ina jiran mutumin nan ya ce a matso da ranar. Na yi mafarkin yadda zai faɗa, a bakin kogi, ko a ƙarƙashin lema. Sai ga shi ya faɗa yana kallon tarwaɗa.

Suna sauka na bi Mama kicin.

"Mama, kin sayar da ni haɗe da ƙofa."

"Ke, rufe mini baki. Ya ce a matso da rana ko bai ce ba?"

"Don wa ya ce?"

"Ina ruwanki da don wa? Ubanki jiya da rarrafe ya hau matakala, kin gani ko ba ki gani ba? In wutar nan ta mutu gidan nan ya mutu. Namiji ya zo da ƙafarsa, ba ya sha, ba ya caca, takarda kawai yake so, ke kuma kina mini zancen don wa. Shekararki nawa, Tomoe?"

Na san gaskiyarta game da Baba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Amma na hango kaina shekara talatin nan gaba a kanta, ina kallon mijina ina tambayar kaina ko ni ya aura ko gyara aka ba shi a kan fosta. Na ji ba zan iya ba.

Na koma sama da gudu, na rungumo ƙyauren da ƙyallensa, na sauko da shi ina karo da bango. Suna bakin mota suna sallama da Kaka.

"Shun-san, ungo."

Ya zaro ido. "Tomoe-san, amma Mama ta ce..."

"Ƙofar ɗakina ce. Na ba ka, kyauta. Ba sai an yi biki ba, ba sai an yi komai ba. Taka ce ko da ba ka sake tako unguwar nan ba."

Mama ta fito da ludayi a hannu, Kaka ta tare ta da sandarta ta ce, "Bar ta. Ɗakinta ne."

Abin da nake so ya ce, ku ma kun sani. Ya ce a'a, ajiye, ni ba don wannan nake zuwa ba. Ko ya karɓa ya jingine, ya kalle ni. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna har ƙasa, irin rusunawar da ake yi wa mai shago da ya yi ragi, ya ce ba zai taɓa mantawa da wannan alheri ba. Suka shimfiɗa ta a bayan mota, ya shiga baya ya zauna kusa da ita yana riƙe da gefe kamar mai raka mara lafiya asibiti. Ririko-san ce ma ta ɗago mini hannu.

Mama ba ta yi mini magana ba sai da dare ya yi za a rufe, ta ce, "Kin kyauta. In bai dawo ba, ke za ki shiga lungu ki hura wutar."

Lahadi shiru. Litinin shiru. Talata na ce ko wayata ce ta lalace, na tura wa kaina saƙo daga wayar Baba, ya shigo lafiya lau. Na rataya zanin gado a inda ƙyauren yake, duk wanda ya wuce yana ganin ƙafafuna. A kanta kuwa duk lokacin da labulen ƙofa ya motsa sai in ɗago da sauri, sai in ga tsoho Noguchi ne da kwandon sabulunsa. Har na shiga shafin Ririko-san na intanet, abin da na rantse ba zan yi ba. Ta sa hoton hannaye biyu a kan teburin aiki, ba fuska, amma na san baƙin tawadar da ke gefen farcen nan. Na kalli hoton ya fi a ƙirga, ina ƙara girmansa kamar zan sami wani abu a ciki da zai rage mini zafi.

Yau Laraba, da rana kafin mu buɗe, ina ninke tawul a ɗakin Kaka, waya ta yi ƙara. Sunansa. Na yi wuf na buɗe.

"Tomoe-san, yi haƙuri da shiru, ba ma barci sosai. Albishir! Riri-chan ta gano fostar irin doguwar nan ce mai falle biyu. Wannan rabin sama ne kawai. Rabin ƙasa, mai sunan silima da ƙafafun jarumin, lallai yana cikin ƙyauren hagu. Yaushe za mu zo?"

Ba ma barci. Za mu zo. Na karanta na sake karantawa, ina neman ko kalma ɗaya da take tawa, ban samu ba.

Kaka na zaune bakin taga tana ɓare lemo. Ta ce, "Me ya ce, da kika yi fuska kamar an mari kyanwa?"

Na karanta mata. Ta yi 'yar dariya ta jefa ɓawo a faranti.

"Rabin ƙasan ai shi ne mai matar."

"Wace mata?"

"'Yar fim ɗin mana, tana gudu da 'yar riga, cinya duk a waje. Kakanki ya liƙa ta daidai gaban kanta, kullum in na ɗago sai in ga idonsa a can. Ina da cikin ubanki lokacin, na yi nauyi kamar buhu. Da mai gyaran ƙofa ya zo, na ɓamɓare ta na ce ya binne mini ita a ciki."

Na saki tawul. "Kaka! Ke ce? Kika ce wa Shun babu?"

"Ai babu ɗin. Na binne."

"Shi Kaka namiji me ya ce?"

"Ya tambaya, na ce na jefa a wuta." Ta sa lemo a baki tana murmushi. "Ya tsaya yana kallona, ya kalli cikina, sai ya fashe da dariya. Ya ce, Sumi, ke kin fi dodon ban tsoro. Ya ɗauko tikitin kyautar ya kai ni silima, ya saya mini gasasshen dankali a hanya. Bai sake zancenta ba har ya mutu."

Na koma ɗakina na zauna a gaban ƙyauren hagu. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na san abin da zan yi ba kyau, na sani. Amma ina so in ji da kunnena, in gani da idona, kafin iyayensa su zo su zauna a falonmu. Na rubuta:

"Ka makara. Na ba Baba ya sa a wuta yanzun nan."

Na tura. Alamar an karanta ta fito nan take. Na jira ya rubuta, bai rubuta ba. Na jira ya kira, bai kira ba.

Daga maɗaba'arsu zuwa gidanmu ba nisa a keke. Na tashi na wanke fuska, na sa jan baki, na sauka na tsaya a ƙofar gida daidai ƙarƙashin labule, inda ko makaho ne ya zo sai ya yi karo da ni. Na ce a raina, ya zo ya yi mini faɗa ma na yarda. Ya yi ihu, ya ce na haukace, ya kira ni Tomoe ba tare da san ba. In dai ni ya zo wa, zan kama hannunsa in kai shi sama in nuna masa, in ba shi haƙuri har da kuka.

Sai ga shi ya shawo kwana, a tsaye kan feda, da rigar aikinsa, tabarau a karkace. Ya yar da keken a tsakiyar titi, taya na ta juyawa. Na ɗaga labule na yi taku ɗaya.

"Shun..."

Iskarsa ce ta taɓa ni. Ya wuce ta gabana, kusa har na ji warin tawada, bai ko juyo ba, ya faɗa lungun baya. Na ji ƙarar murfin ƙarfe an fizge shi, na ji katako na zubewa, sai muryar Baba ta tashi har titi:

"Kai, yaro! Hannunka! Fitar da hannunka daga wutar nan!"

Ni kuwa ina nan tsaye da labule a hannu, ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya.